Tsayawar da ke cikin kiɗan ƙwaryar Iya

Iya, kakata ta wajen uwa, ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar damina, bayan ta sha kununta ta ce a buɗe mata taga ta ji ƙamshin ƙasa. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Jinyarta ba ta yi tsawo ba, hankalinta bai gushe ba, ba ta kai ga sai an ɗaga ta an kwantar ba. Wannan ne abu na farko da muka gode wa Allah a kai. Bayan azahar aka kai ta makwancinta, kafin la'asar gidanmu na Yalwawa ya cika har takalma sun toshe bakin zaure.

Na zauna kusa da Mama ina amsa "ya haƙuri", kunnena kuma yana kan abin da ake faɗa game da mamaciyar. Maƙwabciyarmu ta ce ba ta taɓa aikowa aron turmi an ce mata ana aiki da shi ba. Wata da ban sani ba ta ce Iya ce ta yi mata wankan jego shekarar da uwarta ke kwance. Matan Limawa, unguwar da Kawu yake da makarantar allo, suka shigo cikin manyan hijabai, suka yi doguwar addu'a, suka ce baiwar Allah ce mai azumin Litinin da Alhamis. Duk gaskiya suka faɗa. Amma har aka kira magariba ban ji wadda ta ambaci ƙwarya ba. Matar da ta yi shekaru masu yawa tana kaɗa wa matan ƙasar nan rawa, daga Dutse har Taura, wadda muryarta ta fita a rediyo tun ba a haifi Mama ba, ana ta yabonta kamar ba ta taɓa riƙe sandar kiɗa ba. In magana ta doshi wajen, sai mai yin ta ta ce, "To, Allah dai ya yafe mana baki ɗaya," ta gyara mayafi.

Washegari aminiyarta ta iso daga Taura. Gwaggo muke ce mata, ko da yake babu jini tsakaninmu. Ita kaɗai ta rage cikin matan da suke yi wa Iya amshi. Ta dogara sandarta har tsakiyar ɗakin, ta zauna, ta yi addu'a, sannan ta ce da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi ba ta san tana ɗaga murya ba:

"To yanzu wa zai kaɗa mana in mun tashi rawa?"

Wata ta yi dariya ta mayar da ita tari.

Mama ta ce, "Gwaggo, gidan makoki ne fa."

"Na sani mana, ai makokin na zo. Abin da na rasa nake faɗa. Ko so kuke in ce ta iya daka? Ba ta iya ba, garinta kullum da tsaki."

Wannan karon har Mama sai da ta murmusa cikin hawaye. Ni kuwa sai na ji kamar an buɗe mini tagar da Iya ta ce a buɗe. Tun daga lokacin na ƙudurta zan rubuta ta yadda take, kafin yabon da ake yi mata ya rufe ta.

Ga waɗanda ba su tarar ba, kiɗan ƙwarya na mata ne, a tsakar gida ake yin sa ranar biki ko suna. A cika babban masaki da ruwa, a kife ƙaramar ƙwarya a kai tana yawo, a riƙa dukanta da 'yan sanduna biyu. Sauran matan su kife nasu ƙoren a ƙasa suna bi da tafin hannu. Iya ce mai ƙwaryar ruwan, ita ce kuma mai ba da waƙa. Kafin ta fara sai ta ɗan karkata ƙwaryar, iska ta fita ɓul-ɓul, ta buga, ta saurara, ta sake karkatawa, har sai amon ya yi mata. Mata na tsaye sun ci ɗamara suna jira, ita ko a jikinta.

A kasuwa ba ta iya wuce mai ƙore ba ta ƙwanƙwasa ɗaya da farce ba. Sai ta kai kunne, ta ce, "Wannan ta fura ce, ba ta da murya," ta ajiye ta yi gaba, mai kaya na binta da kallo. In aka kira salla tana tsakiyar baiti, nan take za ta ɗora sandunan a cinya. In namiji baligi ya leƙo tsakar gida, haka. Yatsunta kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Faranti ya sha kiɗa a hannunta, gwiwarta ta sha, bayana ma ya sha lokacin ina ƙarama ina kwance a cinyarta. Har yau in ruwa ya fara sauka ɗaya-ɗaya a kan kwanon ɗakinmu, nakan ji kamar ita ce take gwada amo.

Abin da aka san kiɗanta da shi wata 'yar tsayawa ce. Za ta yi ta zuba kiɗa, zagaye huɗu cur, sai ta ɗaga sandar dama, ta ɗan karkata kafaɗa, ta yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya, sannan ta sauke. Mata suna ce mata tsayawar Iya. Masu rawa sun san ta, jikinsu na jiran ta. Na sha tambayar ta dalili.

"Hannuna ne ke gajiya," take cewa. "Ke 'yar boko komai sai kin rubuta?"

Rediyonta ƙarami ne baƙi, an ɗaure murfin batirinsa da roba. Kowace Asabar da safe akwai shirin kiɗan rawa da wani gidan rediyo na nan garin ke yi, ba ya wuce ta. Da can awa guda ne, kalangu da kiɗan noma da na ƙwarya. Aka mayar da shi rabin awa. Cikin rabin nan ma waƙoƙin fiyano suka ci fiye da rabi. A gidajen biki kuma masu lasifika suka maye gurbin masaki, mutum ɗaya da na'urarsa ya ishi taro. Ni ce mai baƙin cikin wannan, ni da nake karanta adabi a jami'a ina rubuta waƙoƙin kewar abin da ya wuce. Wata Asabar na ce mata, "Iya, sun kashe muku kiɗa."

"Wa ya mutu? Ke dai kin cika son makoki. Ƙara mini murya, wannan yaron ya iya."

Sai ta shiga rawa da kafaɗu tana zaune, carbinta a wuya. Ba ta taɓa ƙin sabon kiɗa don sabo ne ba. Abu ɗaya ne ke damun ta. Takan ce, "Na'urar nan ba ta da ido. Ni in ina kiɗa ƙafar mai rawa nake kallo. In ta gaji in sassauta, in ta ɗau zafi in bi ta. Wannan kuwa ko faɗuwa kika yi ba ruwanta, gaba za ta yi ta bar ki a ƙasa."

Yayana yana da ɗan situdiyo a bakin titin unguwarmu, yana haɗa wa amare waƙoƙin fiyano. Iya na ce masa mijinta, irin wasan kaka da jika. Shekarar da za a yi bikin 'yar ƙanwar Mama, ya ce zai ba kowa mamaki. Ya lallaɓa Iya ta kaɗa masa bokiti ya ɗauka a waya, ya kai situdiyo ya zuba a kwamfuta, ya ɗora fiyano a kai. Kwamfutar ta ga kiɗan bai tafi daidai da ma'auninta ba, shi ma ya ga haka, sai ya miƙe shi sumul. Tsayawar nan ya ɗauka kuskuren tsufa ne, ya goge ta.

Ranar wuni aka kunna. Tsofaffin mata suka ji kiɗan da suka sani, suka yi guɗa, suka miƙe. Zagaye huɗu suka yi, jikinsu ya tsaya a inda ya saba tsayawa, kiɗa kuwa ya wuce abinsa. Wata ta taka zanin wata. Suka sake kamawa, aka sake wuce su. Ɗaya bayan ɗaya suka koma kan tabarma suna duban juna, ba su san me ya faru ba. 'Yan mata dai sun yi rawarsu.

Da yamma Iya ta sa aka kira shi.

"Mijina, zo nan. Ina numfashin da na ba ka?"

"Wane numfashi kuma, amarya?"

"Na ba ka kiɗa da numfashinsa, ka dawo mini da shi ka shaƙe shi."

"Wallahi gyara miki na yi. Kwamfuta ta nuna akwai giɓi."

"Kwamfutar ta taɓa rawa da goyo?"

Ya sosa ƙeya. "Ba ta taɓa ba."

"To macen da ke rawa da ɗa a baya, yaushe za ta gyara majanyi in ba ka bar mata wuri ba? Sai ɗan ya sulale? Je ka mayar, in ba haka ba yau ka ba ni takardata."

Ya tafi yana dariya, ya kwana biyu yana fama da na'urar, don ita ba ta son a bar mata giɓi. Da ya kawo ya kunna mata, ta rufe ido, ta jira zagaye na huɗu, ta ji shirun ya zo a wurinsa. Ta ce, "Yauwa. Na fasa yaji." Ranar na ɗauka na sami amsar tambayata, ashe rabinta na samu.

Ba za a yi maganar Iya a bar Kawu ba, ko da yake ita da bakinta ba ta maganarsa. Shi ne ɗanta na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurin matan da, amma ta Iya ta yi tsanani. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "na Limawa" take cewa. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Tun yaye kakansa na wajen uba, wanda malami ne, ya ɗauke shi, a gabansa ya tashi, ya gaji allo da buzu. Mu duka Iya muke cewa, shi kuwa Hajiya. In dabinon gidanmu ya nuna, za ta zaɓe mafi laushi ta ƙulle a ƙyalle ta ba Mama ta ce, "A kai wa yaran can." Kowa ya san ba yaran ake nufi ba, shi kaɗai ne bai sani ba.

Sun yi saɓani guda, kuma ya daɗe. Da ta dawo daga aikin hajji ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya roƙe ta ta bar kiɗa. Ina ƙarama, ina bayan labule.

Ya ce, "Hajiya, girma ya kama ki. Ni kuma mutane suna kawo mini 'ya'yansu karatu."

Can ta ce wa Mama, don da shi ba ta magana kai tsaye, "Faɗa masa na bar zuwa gidan biki."

Ya ce, "Da kaset ɗin nan na cikin akwati."

"Faɗa masa wannan kam a'a."

Ta cika alkawari. Ba ta sake yin kiɗa a taro ba, sai sau ɗaya, da aka kawo wata amarya marainiya gidan maƙwabtanmu, ba dangi ba guɗa, tana ta kuka. Iya ta shiga da bokitin wanki ta kaɗa mata har ta yi dariya, ta dawo ta ce wannan ba kiɗa ba ne, rarrashi ne. Akwatin kuwa ya zauna ƙarƙashin gadonta, ƙaramin akwatin ƙarfe cike da kaset na waƙoƙin da aka ɗauka a rediyo da gidajen biki. Akwai guda ɗaya da aka ɗaura wa jan zare. Sau ɗaya na shiga ɗakinta da rana na tarar tana jin sa ƙasa-ƙasa, kunnenta a jikin rikoda. Tana ganina ta kashe, ta aike ni ɗebo ruwan da ba ta sha ba.

Bayan sadakar uku Yaya ya zo da saƙo. Mai gabatar da shirin Asabar, wanda abokinsa ne, yana roƙon a ba su kaset ɗin su juye, su sa kiɗan Iya don tunawa da ita. Nasu tsofaffin faya-fayan sun lalace, kuma ana maganar cire shirin gaba ɗaya, tun da ba su da sauran tsohon kiɗa mai kyau da za su riƙa sawa. Yaya bai rufe baki ba Kawu ya ce a fito masa da akwatin.

Ba zan zalunce shi a rubutun nan ba. Bai yi faɗa ba. Ya rungume akwatin a ƙirji, idonsa ya yi ja, ya ce, "Uwata ce. Tana can ba ta iya ƙara komai ba ta iya ragewa. Ba na son a yi ta rawa a bayanta ana rubuta mata. Bayan sadakar bakwai zan san yadda zan yi da su." Kowa ya gane nufinsa. Mama ƙanwarsa ce, ba ta iya ja da shi. Ya ɗaure akwatin a bayan babur ya tafi Limawa.

Kwanakin nan ban iya cin abinci sosai ba. Abin da Yaya ke da shi na kiɗanta ɗan guntun bokitin nan ne kawai. Muryarta tana matashiya, amshin ƙawayenta da duk suka riga mu gidan gaskiya in ban da Gwaggo, masakinta na gaske, duk suna cikin akwatin. Ranar kwana shida na kasa daurewa, na kai bakina kunnen Gwaggo na faɗa mata.

"Har da mai jan zaren?"

"Har da shi."

Ta lalubi sandarta. "Samo mana adaidaita. Kai ni Limawa."

Da hantsi muka isa. Ɗalibai sun tashi, Kawu na zaure kan buzu yana duba littafi, akwatin na jingine a kusurwa da kwaɗonsa. Ya miƙe da sauri ya shimfiɗa wa Gwaggo darduma, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Malam, ban zo jayayya ba. Kai ka san littafi, ni ban san ko alif ba. Ƙona su za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Binnewa na yi niyya, Gwaggo."

"To ai ko gawa ana duba fuskarta kafin a rufe. Kana da rikoda?"

Akwai wata tsohuwar rikoda da yake jin karatu da ita. Bai so ba, amma ba ya iya ce wa aminiyar uwarsa a'a. Na buɗe akwatin, Gwaggo ta zira hannu ta laluba har ta ji zaren. Ta ce wannan a Kano aka ɗauka, tun ba a ba mu jiha ba, karo na farko da aka kira su gidan rediyo. Bayan shekaru wani ma'aikacin gidan ya juye wa Iya a kaset yadda yake, bai yanke komai ba.

Na danna. Aka yi ta shuu, sai ga ɓul-ɓul ɗin ƙwarya a ruwa, sai kiɗa. Sai wata murya siririya, mai kaifi, ta yarinya. Ban gane ta ba sai da ta ja ƙarshen baiti yadda Iya ke ja. Kawu na kallon ƙasa, leɓensa na motsi.

Ana cikin haka sai jariri ya tsala kuka, kusa sosai. Kiɗan ya tsaya. Aka ji motsin zani. Wani namiji daga nesa ya ce, "A karɓi yaron nan a fita da shi mana, yana ɓata mana ɗauka." Muryar yarinyar ta ce, "Ba ya yarda da kowa." Sai ta yi ƙasa da murya, ƙasa ƙwarai, kamar ba ta san na'ura na ji ba: "Yi shiru, ɗan malam. Yi shiru, nawa. Ga ni nan." Kukan ya lafa. Kiɗa ya ci gaba, zagaye huɗu, tsayawa, motsin zani, zagaye huɗu, tsayawa.

Gwaggo ta sa sanda ta taɓa gwiwar Kawu.

"Ka san wane ne mai ɓata wa mutane ɗauka?"

Kawu ya ɗago kai ya dube ta.

"Kai ne. Ƙato ne kai, ga nauyi ga zillo. Duk zagaye huɗu ka sulalo, sai ta ɗaga sanda ta tura ka sama da gwiwar hannu. Mu masu amshi muka koyi jiran ka. Masu rawa ma suka koya, masu goyo suka ga ya yi musu daidai. Da aka yaye ka aka kawo ka nan gidan, muka ce to yanzu sai ki miƙe kiɗanki. Ta ce to. Biki na gaba, zagaye huɗu, ta ɗaga sanda ta karkata kafaɗa. Bayanta ba kowa, Malam, amma tana gyarawa. Haka ta yi ta yi har ta ajiye sandunan."

Kaset ɗin na ta juyawa. Kawu ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin.

"Hajiya ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ta faɗa maka? Ɗan fari? Ka taɓa jin ta kira sunanka? Ko mu da muke kwana ɗaki ɗaya in na taɓo maganar, cewa take hannunta ne ke gajiya."

Ya dube ni, karo na farko tun shigowarmu. Ya ce, "Mayar da shi baya kaɗan. Wajen da take magana."

Na mayar. Ya ce in sake. Sau uku muka ji, yana riƙe da gemunsa, hawaye na bi ta tsakanin yatsunsa. Gwaggo ta ce rana na yi, ita ƙafarta ba ta son zama, muka yi sallama muka bar shi da akwatin a buɗe. A hanya na tambaye ta ko tana ganin zai ba da. Ta ce, "Oho. Ni dai na sauke abin da na ɗauko mata."

Bayan sadakar bakwai da kwana biyu sai ga shi da babur, akwatin a baya. Ya tara mu, Mama da Yaya da ni. Ya ce ya je wurin wani malaminsa da ya fi shi sani sun daɗe suna magana. Ya ce, "Kiɗan mata ne a cikin gida, na biki da suna, ba batsa ba zagi. Ba wai ban san abin da malamai suka ce a kan irinsa ba. Tsoro ne ya yi mini yawa." Ya juya ga Yaya. "Kai mai fiyano. A ba su su juye. Amma kada in ji muryarta a haɗe da maganar banza."

"In sha Allahu, Kawu."

"Mai jan zaren kuma in an juye a dawo mini da shi, maganar cikinsa ba ta rediyo ba ce." Ya miƙe, ya kai bakin zaure, ya juyo. "An ce kana da na'ura mai goge abu. Wannan tsayawar, kada ka taɓa ta."

Yaya ya ce, "Ai na taɓa gwadawa, Kawu. Saura kaɗan aurena ya mutu."

Kawu bai gane ba, Mama kuwa ta yi dariyar da ba ta yi ba tun ranar Larabar nan.

Asabar ta uku bayan haka aka sa. Na fito da rediyon Iya tsakar gida, na gyara robar, na ɗora shi kan turmi. Mai shirin ya yi mata addu'a, ya sa tsohon kiɗan masaki, daga nan ya sa sabon da Yaya ya haɗa, fiyano a sama, ƙwaryarta a ƙasa. Ya ce masu kira sun yi yawa, kuma akwai sauran kaset da za su kai su watanni, saboda haka shirin na nan. Ban san iya tsawon da zai yi ba. Wataƙila wata rana a cire shi, wataƙila 'ya'yanmu a waya kawai za su ji kiɗan rawa, da wasu na'urorin da ba mu san su ba. Na lura dai abin ya daina tayar mini da hankali kamar da.

Amaryar nan marainiya, wadda yanzu take goyon ɗanta na uku, ta shigo ɗiban ruwa a rijiyarmu ana cikin sabon kiɗan. Ba ta tsaya ba, ba ta ma san na wane ne ba. Tana jan guga jikinta na ɗan rausaya. Zagaye huɗu, kiɗan ya ɗauke numfashi, hannunta ya koma baya da kansa ya tura goyon sama ya ja majanyi, kiɗa ya sauka, ta ci gaba da jan gugarta. Na tsaya ina kallon ta har sai da ta ce, "Lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau.

Wayar Mama ta yi ƙara. Kawu ne. Ta sa a kunne, ta saurara, sai ta miƙo mini. Cewa yake, "Kun kunna kuwa? An fara fa." A bayan muryarsa, ƙasa-ƙasa, ina jin kiɗan da ke kan turminmu yana tashi daga zauren Limawa.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi kamar safiyar da ta ce a buɗe mata taga. Ya ba Kawu haƙuri, ya haɗa su a inda za ta iya kiran sunansa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.